Ƙofar Baya da Jatau Ya Kulle

An yi wani bawan Allah a wani gari, tun da daɗewa, sunansa Jatau. Gadi yake yi a kamfanin da ake dafa nama ana zubawa a gwangwani. Ku saurara, jama'a, labarin ba daɗi.

Manajan wurin mutum ne mai zargi, gani yake kowa ɓarawon tsoka ne. Ya ce, "Jatau, da ma'aikata sun shiga, ka datse ƙofar baya da kwaɗo." Jatau bai so ba, amma ya datse. Kullum ya datse, ya jefa makulli aljihu.

Ran nan da hantsi, yana buɗe wa motar shanu ƙofar gaba, sai babbar tukunyar dahuwa ta fashe. Wuta ta bi kitse, ta tare hanyar fita. Mutane suka ruga ƙofar baya. Jatau ya sheƙa, yana jin ana duka daga ciki, ana kiran sunansa. Ya damƙi kwaɗon nan, ashe ya yi ja don zafi, tafin hannunsa ya saɓule. Ya buɗe, amma hayaƙi ya riga shi. Cikin gawawwakin ma'aikatan da aka jera har da ta ƙanwarsa Tabawa.

Da masu bincike za su zo, manaja ya ja shi gefe. "Baba, ka ce a buɗe take. Makullin ka jefa rijiya. In ka yi magana, kai za a ɗaure."

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, Tabawa ta san a kulle take. Gobe a gaban Allah me zan ce mata?"

Ya tsaya gaban alƙali, ya ajiye makulli, ya buɗe tafinsa. "An ce in kulle, ni kuwa na kulle."

Kuna tsammani an yaba masa? Ina! An ɗaure shi tare da manajan. Da ya fito daga kurkuku, dangin mamatan ba sa amsa sallamarsa, haka ya mutu. Amma daga ranar aka cire kwaɗo a ƙofar kowane kamfani a garin.

'Yan'uwa, gaskiyar da za ka faɗa a kan wani ba ta da wuya. Mai wuyar ita ce wadda za ka faɗa a kan kanka. Kowa a cikinmu yana da abin da aka ce ya yi, ya yi, ya san ba daidai ba ne. Ka faɗa yau, ka daina yau, tun ba a fara kiran sunanka daga ciki ba. Allah Ya jiƙan Jatau, mu kuma Ya ba mu ƙarfin hali.