Zalɓe, Biri da Salon Ƙarshe

Ga ta nan, ga ta nanku, yara.

Ta zo, kunnenmu na gare ki.

A ƙasar Sin akwai wani tsohon Zalɓe da ya gaji faɗan kungfu kaka da kakanni. Ɗalibinsa ɗaya tal, Biri, sarkin gaggawa.

Ran nan Zalɓe ya ce, "Ɗana, salo ɗaya ya rage in koya maka. Ba mai tsalle ba ne, na natsuwa ne. Duk duniya ni kaɗai na san shi."

Biri ya ce, "Malam, an sa gasa a birni, alƙalai kuwa alkafura suke ba maki. Sai na dawo."

Ya tafi, ya ci kofi, daɗin tafin 'yan kallo ya riƙe shi har damina ta wuce. Da ya dawo sai ya tarar da Kunkuru, maƙwabcinsu, yana share kabarin Zalɓe.

"Baba Kunkuru, ko ka taɓa ganin salon nan?"

"Na gani, kullum da safe yana yi yana duban hanya. Amma gani ba iyawa ba ne."

Biri ya ajiye kofin a ƙasa, ya durƙusa yana kuka.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera ya rufe ta.