Mai Zare da Sikelin Mai Kati

Akwai wata mata da ke auna zaren saƙa a sikeli tana sayarwa, kowa Mai Zare yake ce mata. Autanta, ɗan shekara goma, ya fara dawowa daga makaranta yana layi don yunwa, alhali kullum sai ta ba shi kuɗin tara.

Da ta titsiye shi, sai ya zazzage jakarsa. Katunan 'yan ƙwallo ne tuli. A shagon bakin makaranta ake sayar da su cikin leda a liƙe, ba ka sanin abin da ka saya sai ka yage. Wanda ya dace da kati mai ruwan gwal, wai keke za a ba shi.

"Umma, ni ne ba ni da sa'a," in ji shi, idonsa ya ciko. "Amma gobe zan ci."

Iyaye mata, kun san yadda gaban uwa ke faɗuwa in ta ji irin wannan.

Ta tafi shagon. "Malam, caca kake koya wa 'ya'yanmu?"

Mai kati ya yi dariya. "Hajiya, wasan yara ne. Kin ma iya karanta abin da ke jikin ledar?"

Ba ta iya ba. Amma idonta ya kai kan wani ɗan sikeli a ƙasan teburinsa, kusa da durowa. Me mai sayar da kati zai yi da sikeli?

Washegari, ana tashin yara, ta zo da nata sikelin ta ɗora a teburinsa. Ta auna ledojin da ke kwalin gaba ɗaya bayan ɗaya. Duk nauyinsu ɗaya.

"Saura na durowa," in ji ta.

"Ki bar min shago kafin in kira 'yan sanda."

"Kira su, su zo su taya ni awo. Boko ne ban yi ba, amma shekarata ashirin ina awo."

Ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofa, ta ƙi motsi. Iyayen da suka zo ɗaukar yara suka taru. Wani direban motar makaranta ya ce, "Buɗe mana, in babu komai a ciki."

Dole ya buɗe. Leda shida, kowace ta fi na kwali nauyi. Ta yage uku, kowace da katin gwal a ciki. Ashe aunawa yake yi ya ware masu nauyi, ya sayar wa manya da tsada, ya bar wa yara fanko.

Auta ya zaro kuɗin da ya ɓoye a safa don sayen leda, ya dubi uwarsa.

"Umma, yunwa nake ji."

"Mu je ka ci abinci, ɗan albarka."

Darasi: Duk abin da yaro zai biya bai san me ke ciki ba, leda ce ko akwatin sa'a na wasan waya, caca ce, ko da babu maguɗi. Kada a rufe miki baki da cewa ba ki yi karatu ba. Ki duba jakar ɗanki yau, ki kuma tura wa wata uwa ta karanta.