Ƙadangaren da ke Jikin Turmin Tsaunin Kanya

Ya kai mai karatu mai daraja, ma'abocin hankali da natsuwa, da ku yara da kuka tanƙwashe ƙafa ana karanta muku, ni Malam Ladan Barau, wanda ya riƙe alli shekara talatin da huɗu, ya kuma shugabanci kwamitin kasuwar garinmu ba a taɓa tayar da hukuncinsa ba, ina roƙon ku ba ni aron hankalinku. Dalilin da ya sa ba a sassaƙa turmi a Tsaunin Kanya sai da ƙadangaren ice manne a kwiɓinsa, jahilai sun faɗi ƙarairayi iri-iri a kansa. Ga gaskiyar, daga bakin wanda aka yi a gabansa.

A da, masassaƙanmu ba su san zane ko hoto ba. Mutum ya dubi gungume, abin da ke kansa shi yake fitarwa. Suna kuwa da doka mai tsanani: wanda ya ɓata aikin mai saye, za a rataye gizagonsa a bakin kasuwa shekara guda, ba shi ba sassaƙa.

Wata rana Hajiya Gambo, wata 'yar kasuwa daga birni, ta aiko wa Cindo, gwanin masassaƙanmu, da hoton tsohon turmin mahaifiyarta. Tana son goma sha biyu irinsa, kada a ƙara, kada a rage. Wanda ya ɗauki hoton ya kuma kawo shi, shi ne Sallau mai hoto, taubashin Cindo, wanda tun suna yara ba su haɗuwa sai da tsiya.

Cindo ya juya hoton sama da ƙasa, ya leƙa bayansa ko zai ga ɗaya gefen turmin. Sai ya ɗora yatsa ya ce, "Kai maƙiyin Allah, wannan abin da ke maƙale a nan fa?"

Ƙadangare ne ya fito shan hantsi aka ɗauka da shi, Sallau kuwa ya sani sarai. Amma ya gimtse fuska ya ce, "Ado ne, baƙauye. Haka ake yayi a birni. In ya fi ƙarfinka in kai wa mai hannu."

"Ni? Har ƙwayar idonsa sai na fitar."

Ya kuwa fitar. Ya zana ƙadangaren da gawayi a jikin kowane gungumen ƙirya, ya jingina hoton a gindin bishiya, ya dubi hoto ya sari ice, ya sari ice ya dubi hoto, wata biyu cur. Hatta guntulewar wutsiyar bai manta ba.

Ranar kasuwa Hajiya ta iso, aka yaye tabarma daga kan turame. Ƙadangaru goma sha biyu suka ɗaga kai suna kallonta. Ta yi tsalle guda har takalminta ya tsere mata, tana cewa, "A kore su!" Wani dattijo ya kai wa ɗaya sanda, sandar ta karye. Kasuwa ta kece da dariya, wata mai nono ta zauna a ƙasa, Sallau kuwa har da birgima.

Da Hajiya ta gane ice ne, sai fushi ya maye gurbin tsoro. Ta ce uwarta ba ta taɓa daka da ƙwaro ba, lalle a rataye gizagon Cindo. Aka kawo maganar gabana. Cindo ya durƙusa, gizago a hannu, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, 'ya'yana tara, da wannan suke ci. Abin da ke hoto na yi, Sallau ne kuwa ya ce mini ado ne."

Ina cikin gyara tabarau domin nazarin hoton, sai Iya Tabawa mai fura, wadda turmi ya tare wa hanya, ta kama ƙadangaren ɗaya ta ɗaga turmin cak da hannu guda. Ta tsaya, ta ajiye, ta sake ɗagawa. Ta ce, "Af, ashe mariƙi ne. Shekara arba'in ina mirgina turmi kamar mai kokawa. Cindo, wannan nawa ne."

Kafin in buɗe baki mata sun yi caa, kowace ta rungumi turmi. Hajiya ta haye kan biyu ta zauna tana cewa, "Nawa ne duka, ni na yi oda!" Na tambaye ta cikin ladabi ko har yanzu tana son a rataye gizagon. Ta ce, "Wane gizago, Malam? Ya ƙaro ashirin."

Shi ya sa har gobe, yara, masassaƙinmu ba ya sara sai ya zana, matanmu kuma ba sa taya turmin da ba shi da ƙadangare.

Amma sa'ar Cindo ba ta wanke Sallau ba, domin wasan taubasantaka bai kai ga cinye abincin 'ya'ya tara ba. Na ci shi tarar ƙwaryar goro guda ga Cindo, na kuma yanke masa dakan gero a cikin turaman nan goma sha biyu, ɗaya bayan ɗaya, a tsakiyar kasuwa, mata na yi masa guɗa.