Dutsen Dafin Gidan Nomau

Ku gyara zama, wannan ta masu son gardama ce.

A wani ƙauye na bakin kogi an yi wani manomi, Nomau, mutum mai magana ɗaya. Tun ranar da amininsa ya shiga asibiti aka fito da shi a makara, ya rantse shi da asibiti sai dai a labari. Cewa sai da aminin ya yi wata biyu yana jinya a gida kafin a kai shi, wannan Nomau bai cika tunawa ba.

Abin da ya yarda da shi wani baƙin dutse ne kamar ƙwallon dabino, gadon kakanni. In maciji ya sari mutum, sai a manna shi a bakin sarin ya yi ta zuƙe dafi. In ya faɗo da kansa, an warke. Mutum bakwai dutsen nan ya warkar. Waɗanda bai warkar ba kuwa, ba wanda ya dawo ya yi ƙorafi.

Wata rana da hantsi, da damina, Nomau na cirar ciyawa a gonar gyaɗa, kububuwa ta sare shi a idon sawu. Aka ɗauko shi gida. Babban ɗansa Barau, wanda dutsen ke hannunsa, ya manna, dutse ya kama. Nomau ya jingina da bango hankali kwance, ya ce a ba shi ruwa.

'Yarsa Azumi, mai aiki a ɗakin shan magani na ƙauyen, ta tsuguna tana kallonsa. Da ya kurkure baki ya tofar, ta ga ja.

"Baba, ka ci goro yau?"

"Ina na ga goro tun asuba?"

Ta ɗaga leɓensa, ta ga jini na tsattsafowa daga dasashi, alhali ƙafar ko kumburin kirki ba ta yi ba. Kowa a gidan yana cewa da sauƙi, ita kaɗai ta san dafin ya shiga jini. Ta hau kan rumbu inda waya ke kamawa, ta kira asibiti uku. Biyu ba su da allurar dafin, na ukun yana da ita, amma yana ƙetaren kogi. Ta sa aka ajiye, ta sauko ta durƙusa ta roƙi uban. Nomau ya ce Allah ya yi mata albarka, boko ne ke damunta, shi ba inda za shi sai dutse ya faɗo.

Barau ya daɗe yana kallon inda uban ya tofar. Can ya ce, "Baba, ai Kaka ya ce in sarin kububuwa ne, dutsen ba ya gama aiki sai an ƙetare ruwa mai gudu da shi." Nomau bai taɓa jin wannan ƙa'ida ba, ba kuma wanda ya taɓa ji kafin hantsin nan. Amma ya ga ba daidai ba ne ɗa ya fi uba sanin gado, sai ya ce ai shi ma yanzu yake shirin faɗa.

Kogi kuwa ya kawo, yana tafe da itatuwa. Masu fito duk sun ɗaure kwalekwalensu sun ce sai gobe. Autan Nomau, Cindo, masunci ne. Ya kwance kwalekwalensa ya ce su shiga. Ya haura can sama, ya bar ruwa ya gangaro da su a karkace, kututture ya bugi gefen jirgin har sau biyu, tafin hannunsa ya saɓule, bai saki tuƙi ba sai da suka taɓa gaci.

A tsakiyar ruwan ne dutsen ya jiƙe ya fara sassautawa. Nomau ya ji, ya ce, "Kamar zai faɗo. Cindo, juya mu koma." Barau ya ɗora babban yatsansa a kai ya ce, "Da saura, Baba, zuƙa yake." Haka ya danne shi a jirgi, ya danne shi a motar da ta ɗauke su, har gadon asibiti. Nomau na kallonsa yana jin daɗin ya haifi ɗa mai ladabi ga kayan gado.

Da likita ta zo da allura, Nomau ya dubi ƙafarsa, ya ga dutse bai faɗo ba, wato akwai sauran dafi. Ya ce a yi, ta ɗan taimaka wa dutsen. Aka ɗaura masa ruwa. Wajen la'asar jinin ya tsaya. Azumi ta dubi yayanta, Barau ya ɗage yatsan da ya riga ya sandare, dutse ya faɗo ƙasa, ƙwal.

"Kun gani?" in ji Nomau. "Takwas ke nan."

Likita ta ce dutsen ba abin da ya zuƙa sai gumi. Nomau ya yi mata uzuri, yarinya ce. A waje Azumi ta tambayi Barau, "Yaya, ashe kai ma ba ka yarda da shi ba?" Ya ce, "Na yarda mana. Ban dai so in gwada shi a kan Baba ba."

Nomau ya koma gida da ƙafarsa, ya sa aka ɗinka wa dutsen sabuwar jakar fata, kuma har ya tsufa ba wanda ya gaya masa komai.

To, jama'a, ga Azumi da ta gane dafin ta nemo allura, ga Cindo da ya ƙetare kogin da kowa ya guda, ga Barau da ya riƙe uban da abin da ya yarda da shi har allurar ta same shi. Wane ne a cikinsu ya ceci ran Nomau?