Igiyar Bakin Farin Kogi

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da wuta.

Ta zo mu ji ta, ko da mai sanyi ce.

Mai sanyi ce kuwa. An yi wani masunci ana ce masa Jatau, wanda a garinsu ba mai kama ƙafarsa a iyo. Yakan nutse a wannan gaɓa, sai mutane sun fara salati sannan ya ɓullo a waccan yana dariya. Ana nan sai fari ya zo, koginsu ya ƙafe, yunwa ta watsa gari. Matarsa ta rasu a hanya, ta bar masa jaririya mai suna Kyauta da akuya guda, wadda nononta ne kaɗai ke riƙe da ran yarinyar.

Ya yi ta tafiya, ya yi ta tafiya, har ya isa gindin wani dogon dutse mai ƙanƙara a ka, fari fat rani da damina. Daga can wani kogi yake gangarowa, ruwansa fari-fari kamar tsala. A wani gari da ke bakin kogin, wata tsohuwa, Iya Gwamma, ta ji tausayin yarinyar ta ba su ɗaki.

Mutanen garin suna da wata al'ada. Akwai igiya a rataye jikin bishiyar da ke mashiga. Duk mai son shiga kogin sai ya tsoma hannayensa har gwiwa, ya rera wata waƙa a hankali sau uku:

Farin kogi, ga hannuna,
In ka karɓa, na koma gida,
In ka bar mini, na ƙetare.

Daga nan ya fito da hannun ya ƙulla igiyar. In yatsu sun ƙi ƙullawa, ranar ba shiga.

Da Jatau ya ga ƙattin maza suna yi wa ruwa waƙa, ya yi dariya har da riƙe ciki. Iya Gwamma ta zaunar da shi, ta ce masa wannan kogi ba irin na garinsu ba ne. Da hunturu ƙanƙarar takan daskare, kogin ya rame. In bazara ta zo rana ta ƙwalle, lokacin ne dutsen ke narkewa, kuma ruwan da ke wucewa da la'asar, da safe ƙanƙara ne. Jatau ya ce to, amma a ransa cewa ya yi tsoro ne irin na mutanen tudu. Wa bai sani ba, ruwan bazara ɗumi gare shi?

To, a can ƙasa, inda kogin ke zubar da abin da ya ci, akwai wani hankaka bisa busasshen itace. Tun da aka rataye igiyar nan abincinsa ya ragu, sai fa in baƙo ya zo. Da ya ga Jatau, ya fara gyara fiffike.

Wata safiya cikin tsananin bazara, kogi na ƙasa, duwatsun mashiga a fili, hankaka ya je ya raɗa wa akuya cewa akwai ɗanyar ciyawa a ƙetare. Akuya kuwa, kun san ta da kwaɗayi. Ta taka duwatsu ta haye, ta ci, ta kwanta a inuwa.

La'asar ta yi. Kyauta ta farka tana tsala kuka, aka nemi akuya aka rasa. Jatau ya ruga bakin kogi ya hango ta a ƙetare, amma duwatsun mashiga sun ɓace. Kogin ya cika ya batse, ana jin manyan duwatsu suna gungurawa a ƙarƙashinsa, gurum, gurum. Kukan 'yarsa kuwa har nan yana iso shi.

Iya Gwamma ta biyo shi da yarinyar a goye. Ta ce ya haƙura, za ta lallaɓa ta da ruwan kunu, in gari ya waye dutse ya daskare, kogi zai sauka. Hankaka ya sauko kan reshe, ya ce cikin taushin murya, “Sarkin ruwa, kafin safiya ai kura ta gama.”

Akuya ta ɗaga murya daga ƙetare, ta ce kada ya zo, za ta hau kan fā, wani babban dutse, ta kwana inda kura ba ta kaiwa. Hankaka ya ce, “Sarkin ruwa, kafin safiya ai kura ta gama.”

Wani kwaɗo ya leƙo daga cikin ciyawa, ya ce shi da aka haifa a nan ma ba ya shiga a wannan lokaci. Hankaka ya ce, “Sarkin ruwa, kafin safiya ai kura ta gama.”

Jatau ya tuɓe riga. Iya Gwamma ta riƙe masa hannu.

“Ɗan nan, in ba ka ji tawa ba, ka ji ta igiya. Tsoma hannunka kawai.”

Sai hankaka ya nuna masa wani ɗan kwatami tsakanin duwatsu a gefe, inda ruwa ya kwanta rana tana dukansa tun safe, ya ce ya taɓa ya ji. Jatau ya sa ƙafa, ya ji ɗumi kamar ruwan wankan jego. Ya dubi tsohuwa ya ce, “Iya, kin gani? Bazara bazara ce ko'ina.” Ya hau kan dutse ya daka tsalle tsakiyar kogi, yadda ya saba yi a garinsu.

Yara, sanyin nan bai taɓa jin irinsa ba. Ya damƙe masa ƙirji, bakinsa ya buɗe da kansa, ya shaƙi ruwa. Ya taso yana haki, numfashi ya ƙi tsayawa a cikinsa. Duk da haka gwani ne, ya sa hannu ya fara ja. Ya ja, ya ja, sai ya ji hannayen suna nauyi, ƙafafun kuma kamar na wani. Gaɓar da yake nufa ba ta matso ba, wadda ya baro ta yi nisa. Ranar ce Jatau ya fara jin tsoron ruwa.

Ihun tsohuwa ya tara mazan gari. Suka ciro igiyar daga bishiya, suka bi gaɓa da gudu, suka jefa masa. Ta faɗa gefensa, ruwa ya janye ta. Suka sake jefawa, ta taɓa kafaɗarsa ta zame. A karo na uku ta faɗa cikin tafin hannunsa sosai. Mutane suka yi ta kiran ya kama. Yana jin su, yana ganin igiyar, yana kallon yatsunsa, yana ce musu su rufe. Yatsun suka tsaya a buɗe, farare. Igiya ta bi ta tsakaninsu a hankali ta fita, kogi ya sha kwana da shi.

Hankaka ya buɗe fiffike. Ya tashi ya bi kogin ƙasa.

Da gari ya waye dutse ya daskare, duwatsun mashiga suka fito. Iya Gwamma na tsaye a bakin gaɓa da Kyauta a baya, sai ga akuya ta sauko daga kan fā, nononta cike. Ta taka ta ƙetaro, ruwan ko gwiwarta bai kai ba. Tsohuwa ta durƙusa tana tatsa tana kuka.

Kyauta ta rayu. Tun kafin ta iya ɗaura zani aka koya mata ƙulla igiya.

Saboda haka in kun je baƙon wuri, kada zafin rana ya gaya muku yadda ruwa yake, ku tambayi masu wurin, ku kuma yi yadda suke yi. Hankakan nan bai mutu ba, yana can yana jiran baƙo.

Ƙurunƙus kan busasshen itace. Kowa ya murza yatsunsa ya ji suna rufewa, sannan ya je ya kwanta.