Layin Da Ya Ƙara A Ƙasan Sanarwa

An yi wani mutum a Salaga, saurayi mai kaifin kai a aikin kwamfuta. Ba zan faɗi sunansa ba, yana da dangi a wannan masallaci.

Ƙungiyar 'yan kasuwar Zongo ta Salaga da Yendi da Bawku ta ɗauke shi ya riƙa fitar mata da sanarwa. Sai ya tsara samfuri guda ɗaya mai gurabe, kamar abin buga bulo. Sakataren ƙungiya ya rubuta suna da abin da ya faru, inji ya cike guraben, sanarwa ta faɗa wayar kowa. Aiki ya yi kyau, har tsofaffi suna sa masa albarka.

Albarkar ce ba ta ishe shi ba. Yana son sarautar Sarkin Samari, yana son a ji shi. Sai ya ƙara layi ɗaya a ƙasan samfurin: "Wannan alheri ya samu ne da ƙoƙarin wane." Ya sa sunansa.

Hajiya Rafi'atu ta haƙa rijiya a Bawku, sanarwa ta ce da ƙoƙarinsa. Matasan Yendi suka yi wa makaranta rufi, da ƙoƙarinsa. Mutumin da ko cebur bai taɓa ba! Ya shiga kasuwar doya ana ta gaishe shi, yana ta washe baki.

Abokin aikinsa Ayyub, wanda ke duba kowace sanarwa kafin ta fita, ya ce masa, "Ɗan'uwa, cire layin nan. Inji bai san biki ba, bai san makoki ba." Me ya yi? Sai ya cire Ayyub ɗin daga aikin, ya bar layin. Ya gyara tsarin ta yadda sanarwa za ta fita ba wanda ya gani.

Ranar wata Laraba, Alhaji Mahamudu, shugaban ƙungiyar, ya rasu. Sakatare ya rubuta yana hawaye, inji ya yi aikinsa. Garuruwa uku suka karanta cewa Alhaji ya rasu, kuma wannan alheri ya samu ne da ƙoƙarin wane.

Ku yi dariyarku, ni ma na yi. Amma shi bai yi ba. A wurin jana'iza ba wanda ya miƙa masa hannu. Aiki ya tafi, sarautar da yake nema ta tafi, ta koma kan Ayyub. Har yau in an yi rasuwa a unguwarsu, sai wani ya tambaya, "Wannan ma da ƙoƙarinsa ne?"

Ya 'yan uwa, zuciya ita ce samfurin. Riyar da ka ɓoye a cikinta za ta fito a kan kowane aikinka, har ranar da ba ka so. Ka yi don Allah, ka bar wa mai alheri alherinsa, za ka kwana da farin ciki.

Allah ya wanke mana niyyarmu, ya kiyaye mu daga son a gani.