Haƙorin Mai Buga Garma

Akwai wani manomi a wani ƙauye, a zamanin da majami'u ba su da ƙararrawa, sai tsohuwar garma da ake ratayewa a reshen tsamiya. Shi ne yake buga ta kowace Lahadi, jama'a su taru. Mutum ne mai fara'a. Idan masara ta nuna, yakan hura wuta a ƙofar gidansa da la'asar, ya gasa, yara su kewaye shi, yana ci yana koya musu waƙoƙin yabo. Waɗanda suka zauna a bakin wutar nan har suka tsufa ba su manta da ƙamshinta ba.

Wata shekara sai mutumin ya sauya. Ya daina dariya. In an gaishe shi, sai ya amsa da ka. Ya kori yara daga ƙofarsa, ya yi wa matarsa tsawa wai tuwo ya yi tauri. Ran Lahadi yakan buga garmar kamar yana faɗa da ita, ya zauna can baya, bakinsa a rufe. Har ya fara cewa a ransa, "Allah ya juya mini baya."

Dattawan ikilisiya suka je suka gargaɗe shi, suka yi masa addu'a. Ya ɓoye musu abin da ke damunsa, gama an rene shi a kan cewa namiji ba ya kukan ciwo. Sai suka yanke shawara, Lahadi mai zuwa za su karɓe sandar bugun garma su ba wani.

Labari ya kai wa yayarsa Kande, wadda ta goye shi yana jariri. Ta taso daga ƙauyen da take aure. Ba ta yi masa wa'azi ba. Ta gasa masara, ta miƙa masa.

Ya ce, "Na ƙoshi, Yaya."

Ta ce, "Kai, Auta? Kai da ka cinye mini gefen gona kana yaro? Buɗe bakinka in gani."

"Yaya, ni fa magidanci ne."

"Magidancin da ya yi mini fitsari a baya. Buɗe."

Ya buɗe. Ashe wani haƙori can ciki ya ruɓe, dasashi ya kumbura. Tun farkon damina bai yi barcin kirki ba, abincinsa kuwa kunu kaɗai.

Kande ta tasa shi gaba har wurin wanzami, aka cire haƙorin. Ya saki ihun da ya daɗe yana haɗiyewa, har awaki suka watse. Ya koma gida ya yi barci mai nauyi, ya tashi ya sha fate. Ran Asabar aka ji shi yana waƙa a gona. Ya roƙi gafarar matarsa, ya aika a kira yara.

Da dattawa suka ji, babbansu ya zo ya ce, "Mun bincika zuciyarka, ba mu duba bakinka ba. Riƙe sandarka."

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin. Allah da ya hura mana rai, shi ne ya gina mana jiki, ya kuma haɗa su wuri ɗaya. Idan jiki yana shan wahala, zuciya takan yi duhu, harshe ya yi kaifi, addu'a ma ta yi nauyi. Ciwo bai wanke manomin nan daga laifi ba, shi ya sa ya nemi gafara. Amma ɓoye ciwon ne ya kusa raba shi da hidimarsa.

Saboda haka in kana ciwo, ka faɗa, ka je asibiti, ka ci, ka huta. Wannan ba rashin bangaskiya ba ne. In kuma ka ga ɗan'uwa mai fara'a ya zama mai fushi, ka yi masa addu'a, sa'an nan ka zauna kusa da shi kamar Kande, ka tambaye shi, "Ina ne yake maka ciwo?"